Yatsa Ɗaya Na Nuna Wa Likita

Litinin, 1 ga Satumba

Likita ce ta ce in sayi littafi in riƙa rubuta ciwon: ina yake, yaushe yake tashi, me nake yi ya tashi. To ga shi na saya. Shekara talatin da huɗu ina shimfiɗa tayil a gidajen mutane, ban taɓa rubuta abin da ya wuce awon ɗaki a bayan kwali ba, yau an mai da ni ɗan makaranta.

Gwiwar dama ce. Ta hagu ma tana gunaguni, amma ba ta kai ƙara ba tukuna.

Likita ta ɗora hoton ƙashin a jikin fitila ta ce amosanin gaɓɓai ne, guringuntsin ya cinye, ƙashi ke goga ƙashi. Allura da magani sun gama nasu, saura tiyata. Wai gwiwa ɗaki uku ce: na ciki, na waje, da na ƙarƙashin ƙoƙo. Idan ɗaki ɗaya ne ya lalace, shi kaɗai ake sakewa, a bar wa mutum sauran da jijiyoyinsa. Yankan ƙarami ne, ana warkewa da wuri, gwiwar kuma tana lanƙwasuwa sosai. Idan kuwa ɓarnar ta shiga sauran ɗakunan, sai a sake duka, ƙarfe da roba. Shi ya fi daɗewa, amma ya fi wuyar warkewa.

Ni tambaya ɗaya na je da ita. Na ce, durƙuso fa?

Ba ta yi min ƙarya ba, wannan kam na ba ta. Ta ce da ƙaramin aikin akwai sa rai, ko da yake ba alkawari. Da babban kuwa, mutum zai iya taɓa ƙasa jefi-jefi a kan wani abu mai laushi, amma wuni a durƙushe kullum, wannan in cire shi a raina.

In cire shi a raina. Ni da a durƙushe na aurar da 'ya'ya huɗu.

Ɗakin ciki ya mutu, hoto ya nuna. Na ƙarƙashin ƙoƙo ne take shakka. Ta ce bayanina ne zai raba gardama, in dawo bayan mako uku.

Laraba, 3 ga Satumba

Ciwon yau. Da asuba, gefen ciki, kamar kullum. Da na zo saukowa daga benen da muke aiki, a gaba, can ƙarƙashin ƙoƙon, sai ka ce an cusa tsakuwa. Da na tashi daga kujera bayan cin abinci, nan ma a gaba. Da la'asar ban ma san ina ne ba, ko'ina ne.

Na karanta abin da na rubuta. Ai wannan ɗaki biyu ne.

Alhamis, 4 ga Satumba

Salla a kujera yau ma. Wata na biyar ke nan.

Litinin, 8 ga Satumba

Na je ɗibar jini. A layi na zauna kusa da wani tsohon direba, mai surutu kamar rediyo, wanda ya zo a duba shi. Ashe shi duka biyun aka yi masa: ta hagu ƙaramin aiki, ta dama babba. Ban roƙe shi ba ya naɗe wando a gaban jama'a. Tabon hagu bai fi tsawon yatsa ba, na dama kuwa ya kusa taki guda.

Na ce ya gaya min tsakaninsa da Allah, wacce ta fi? Ya ce ta hagu tasa ce, har mantawa yake an taɓa ta, kwana kaɗan ya jefar da sanda. Ta dama baƙuwa ce mai ladabi: ba ta ciwo, ba ta faɗa, amma kullum ya san tana nan, wani lokacin har ƙas-ƙas take yi. Ita ta ba shi wuya, wata uku yana zagin mai gashin ƙashi. Na ce ya durƙusa in gani. Ya dafa benci ya sauka a kan ta hagu, tsaf. Ta dama ya ce ba ya son yadda take ji idan ta taɓa ƙasa, kamar ba fatarsa ba.

Na daɗe ina kallon wannan gwiwa ta hagu. Ban taɓa yi wa wani hassadar mota ko gida ba, yau ga ni ina hassadar gwiwar tsoho.

Sai ya yi dariya ya ce ai likitar nan da hannu take gane mutum. In ta ce nuna min inda ke ciwo, mai ɗaki ɗaya yatsa ɗaya yake sawa, nan gefen ciki. Wanda tasa ta gama lalacewa kuwa tafin hannu yake kifawa a kan gwiwar duka, bai ma san ya yi ba.

Na duba ƙasa. Tafin hannuna na kife a kan gwiwata. Na janye shi a hankali na sa a aljihu.

Talata, 9 ga Satumba

Na sayi wata farar takarda daban. Ita zan kai wa likita. Gefen ciki, gefen ciki, gefen ciki, kowace rana. Wannan littafin nawa ne, a nan zan riƙa faɗin gaskiya, tunda dole ta fita ta wani wuri.

Maman yara ta shigo ta same ni a bakin gado ina gwada sa yatsa. Ta tsaya da tsintsiya a hannu ta ce, Malam, me kake lissafawa a gwiwa? Na ce ba komai. Shekara talatin da shida tare, ba komai ɗina ba ya wuce ta. Ta dube ni, ta dubi takardun biyu, ta ci gaba da shara.

Asabar, 13 ga Satumba

Gwiwar ta sake ni a matakala.

Ina saukowa da kwalin tayil a kafaɗa, a mataki na huɗu, gwiwar kawai ta tafi, kamar babu ita. Ba ciwo ne ya fara zuwa ba, rashin ƙafa ne. Na zauna daɓas, kwalin ya gangara, guda bakwai suka fashe. Dogo ya taso a guje da cokalin siminti a hannu. Shekara ashirin muna aiki tare da shi, ni na koya masa jan igiya, yanzu furfura ta fara fito masa amma har yau Yaya yake ce min.

Ya ce sau nawa ke nan? Na ce santsi ne. Ya dubi matakalar, busasshiya ƙayau. Ya kwashe fasassun, ya ɗauko min bokiti ya kife in zauna.

Sau uku ke nan cikin wata biyu. Likita ta tambaya tun ranar farko ko gwiwar tana sakina. Na ce a'a tun ma kafin in san amfanin a'ar.

Laraba, 17 ga Satumba

In ba tayil ba me zan yi? Da gaske nake tambaya. Na zauna na duba kaina sama da ƙasa. Ban iya ciniki ba, raina gajere ne. Ban iya tuƙi ba. Zaman ƙofar gida da carbi, ana wucewa ana cewa sannu Baba, wallahi gara a binne ni.

Mutane ba su sani ba. Idan na durƙusa a ɗakin da ba kowa, siminti ya kwaɓu daidai, igiya ta miƙe, na ɗora na farko na buga masa gudumar roba ya zauna, a nan ne kaɗai nake jin ni wani ne. A tsaye ni ba kowa ba ne, wani gajeren tsoho mai tumbi.

Litinin, 22 ga Satumba

Na ci.

Ƙwaya biyu na haɗiya kafin in fita, maimakon ɗaya. Maman yara ta ce za ta raka ni, na ce ta zauna, ba yaro ba ne ni. Na san in ta shiga ɗakin nan kashina ya bushe.

Likita ta karanta farar takardar, ta ɗaga ido ta ce rubutuna da tsabta. Sannan ta ce, Baba, nuna min inda yake. Hannun nan nawa har ya fara buɗewa da kansa, Allah ya taimake ni na naɗe shi. Yatsa ɗaya, gefen ciki. Ta kwantar da ni ta danna ƙoƙon ta murza. Na ga wuta, amma na ƙura wa fanka ido ina ƙirga fukafukanta. Ta ce akwai zafi? Na ce kaɗan, irin na dannawa. Hawa da saukar bene fa? Lafiya lau. Tana sakinka? Ko sau ɗaya.

Ta ja ƙafar gaba da baya, ta ce in saki jiki, na ƙi saki. Ta daɗe tana kallon hoton. Ta ce jijiyar tana ɗan ba ta shakka, amma tunda ni ke cikin jikin, za ta tafi da maganata. Ƙaramin aiki, ranar ashirin da bakwai ga Oktoba.

Akwai wani layi a takardar sa hannu, wai idan an buɗe aka ga ɓarna ta wuce zato, na yarda a yi babban. Na ce ban yarda ba. Ta ce to in haka ta faru sai dai ta rufe ta fito da ni yadda na shiga, na sha wuƙa a banza. Na ce na ji. Ta ce in je in yi tunani, akwai sauran ganawa ɗaya kafin ranar.

A bakin ƙofa ta ƙara min da cewa, ƙaramin aiki a gwiwar da ba ta dace da shi ba, ciwon ba ya tafiya, kuma shekara ɗaya ko biyu sai a dawo a cire a sake, aiki na biyu ya fi na farko wuya. Na ce Allah ya kiyaye, kamar da wani take.

Talata, 23 ga Satumba

Na ci, amma abinci ya ƙi shiga.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Maman yara ta karanta littafin nan. Ba ta ɓoye ba, ita ta faɗa. Wai tana gyaran gado ya faɗo a buɗe. Littafin da ke ƙarƙashin akwati!

Na yi faɗa, na ce an ci amanata. Ta bar ni na gama tas. Sannan ta ce, ba da ɗaga murya ba, ita ce mai dafa ruwan gashi, ita ce mai jin nishina duk lokacin da na juya, ita ce za ta ɗauki fo ɗin fitsari ta kai ta kawo. In an yanka ni sau biyu, ita ma sau biyu aka yanka ta. Ta ce, “Malam, ni ba tayil na aura ba.”

Na ce in ta kuskura ta je wajen likita, to. Ban ƙarasa ba, don ban san me ke bayan to ɗin ba. Ita ma ta san ban sani ba.

Ta ce ba za ta je ba. Bakina ya ƙulla, bakina zai kwance.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Babbar 'yarmu ta bugo waya, daga jin muryarta an kai mata rahoto. Na ce layin ba kyau.

Asabar, 11 ga Oktoba

Yau raina ya ɓaci da Dogo, ɓacin da ban taɓa yi ba.

Wata malamar makaranta ta kira mu gidanta. Tayil uku sun tsage a falo, kusa da ƙofa, tana so a cire su a sa wasu, tana da ragowa a kwali. Aikin awa biyu. Na yi abin da na saba kafin in taɓa komai: na juya cokali na bi ɗakin ina ƙwanƙwasawa da ƙotarsa. Tayil ɗin da ya zauna yana amsawa a taƙaice, tak. Wanda ƙasansa ya rabu kuwa sai ya yi kwam, kamar tulu ba ruwa. Daga ƙofa har taga kwam ne, fiye da rabin falon. Wanda ya yi mata aikin farko ya ɗiga siminti a tsakiya kawai ya manna.

Na ce mata ukun nan su ne suka fara magana, amma ba su kaɗai ke da ciwon ba. Ta ce ita dai ukun take so, ba ta da ƙarfin a tayar mata da falo. Na ce, Malama, zan iya sa miki su yi kyau yau, amma kafin shekara za ki sake kirana, kuma lokacin sai na fasa har da sababbin. Ni ba na yin aikin da na san zan dawo in tone. Ta roƙa, na ƙi. Maganar nan na yi ta ga mutane ya fi sau ɗari, har alfahari nake da ita.

Mun fito muna ɗaure kaya a babur, Dogo ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Yaya, ita likitar ka bar ta ta ƙwanƙwasa kuwa?”

Na ce ya kama bakinsa. Na ce tun yaushe yake jira in zauna ya gaje min masu kirana aiki? Na faɗi abin da ya fi haka ma, ba zan rubuta ba. Bai rama ba. Ya kai ni har ƙofar gida, ya riƙe babur ɗin har na sauka, ya ce a gaida Yaya ta ciki.

Ni da na san Dogo ko allura bai taɓa ɗauka min ba.

Litinin, 13 ga Oktoba

Ban fita ba. Gwiwar ta kumbura kamar kan jariri. Gaba, ciki, baya, har waje yau.

Laraba, 15 ga Oktoba

Awon zuciya, na shirin aiki. Na sake haɗuwa da direban nan, ya rako matarsa. Ya gane ni. Na ce masa an ba ni ƙaramin, ya yi ta murna yana buga min kafaɗa. Ban san me ya kai bakina ba, na ce ai dabararsa ce ta yi aiki.

Dariyar ta ɗauke. Ya ce wace dabara? Na nuna masa yatsa.

Ya yi salati. Ya ce shi labari ya ba ni, ba dabara ba. Ranar da ya sa yatsa ɗaya a ta hagu, wuri ɗaya ke masa ciwo, shi ya sa ta yi kyau. Da ta dama ta tashi, shi ma ya so ƙaramin, ya yi ta magiya, likita ta nuna masa ba hali. Ya ce da ya san abin da zan yi da maganarsa, da ya haɗiye ta. Har ya ce in yafe masa. Tsoho da furfurarsa yana neman gafarata a kan ƙaryar da ni na yi.

Na dawo a motar haya, mataki biyu na sauka sai da yaron mota da wani fasinja suka riƙe ni.

Asabar, 18 ga Oktoba

Ya Allah, ba dukiya na roƙa ba. Ɗaki ɗaya kawai. Ka mai da shi ɗaki ɗaya.

Litinin, 20 ga Oktoba

Ganawar ƙarshe. Ban sha ƙwaya ba, ba don jarumta ba, mantawa na yi, ko kuma ban manta ba, oho. Maman yara ta sa mayafi ta biyo ni, ban ce ta zo ba, ban ce ta koma ba. Ta zauna a kujerar bayan ƙofa ta naɗe hannu.

Likita ta fito da takardar, ta nuna layin nan, ta ce na yi tunanin? Na ce na yi. Ta ce kafin nan bari ta sake dubawa, Baba nuna min inda yake.

Na ɗaga yatsa. Wallahi na ɗaga shi. Ya tsaya a sama, ina kallonsa kamar na wani. Ina jin ƙarar fankar nan da na ƙirga wa fukafukai. Sai na kifa tafin hannuna a kan gwiwar, na ɗora ɗayan a kai.

Na faɗa mata duka. Bene, kujera, sau uku da ta sake ni, ƙwaya biyu, farar takarda. Ina magana ina jin muryata tana karyewa, ni da ko ranar da mahaifina ya rasu ban yi kuka a gaban mutane ba.

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi ma da ya fi min sauƙi. Ta ce ba ni ne na farko ba, masu aikin durƙuso da masu son sujada su suka fi yi mata haka. Ta sake jan ƙafar, wannan karon na saki jiki, ni kaina na ji ƙashin ya zame gaba. Ta ce jijiyar ta tafi, ƙaramin aiki ba zai zauna a kan wannan ba ko da ɗakin ɗaya ne. Babba za a yi. Ranar ba ta canza ba.

Na ce, to sana'ata fa? Ta ce, “Ciwon zan iya cire maka, Baba. Wannan kuwa ba ni da shi a hannuna.”

Ta nemi littafin gaskiyar. Na ce wannan kam a'a, akwai inda na zage ta a zuci kuma ya kusa fitowa a rubutu. Ta yi dariya. Maman yara ba ta yi ba, tana share ido da bakin mayafi.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Na shiga ɗakin ajiya na rufe ƙofa. Na ɗaura soson da nake sa wa gwiwata a wajen aiki, wanda Maman yara ta ɗinka wa riga da tsohon wandona, na dafa bango na sauka ƙasa. Zafi kamar zan suma. Na zauna a haka iya abin da zan iya, na shafa tayil ɗin ɗakin, ni na sa su shekarar da aka haifi auta. Na sa goshi a ƙasa.

Tashi ya gagara. Sai da na kira ta.

Alhamis, 30 ga Oktoba

An yi. Washegari suka tayar da ni tsaye da ƙarfen dogarawa, marasa imani. Ƙafar kamar gungumen da aka jingina min.

Talata, 11 ga Nuwamba

Mai gashin ƙashi yana zuwa da wani abin awo kamar na kafinta, ya lanƙwasa ni har sai na yi ƙara, ya duba ya ce gwiwar ta lanƙwasu digiri saba'in. Wai ana son ɗari da goma ko fiye. Na ce masa ni ma mai awo ne, kuma ban taɓa auna mutum yana kuka ba.

Da na sani. Da na bar yatsan nan a inda yake. Direba ya jefar da sanda cikin kwana kaɗan, ni ga ni ko bayi sai an kai ni.

Juma'a, 21 ga Nuwamba

Tamanin da biyar. Dogo ya zo sau uku, ina cewa a ce barci nake. Ina jin muryarsa a tsakar gida, yana tambayar ko ina cin abinci.

Asabar, 6 ga Disamba

Wani ya bugo, yana da gida sabo, ɗaki shida da falo biyu, ni aka ba shi sunana. Na ce na daina. Karo na farko da na faɗa da bakina. Na kashe wayar na juya fuska bango.

Litinin, 5 ga Janairu

Ɗari da biyar. Na gwada sa gwiwar a kan matashi. Ba zafi sosai, amma direba ya yi gaskiya, ba fatata ba ce. Na ɗaga da sauri.

Asabar, 7 ga Fabrairu

Dogo ya zo da safe, bai tambayi ko barci nake ba, ya shigo kai tsaye. Ya ce mai gidan nan mai ɗaki shida shi ya samu, ya ɗauki mutum biyu suna taya shi, an gama ƙasa an hau sama, amma hankalinsa bai kwanta da falon sama ba. Wai kunnensa bai kai nawa ba. Ƙarya yake, ni na koya masa. Na ce ba inda za ni. Maman yara ta riga ta ajiye min takalma a bakin ƙofa.

Don in rabu da su na je.

Robar gindin sandata ta cinye, ƙarfen ya fito, na daɗe ina cewa zan sake ta. Ina shiga falon sandar ta taɓa ƙasa, tak. Na ƙara taku, tak. Wajen taga, kwam. Na tsaya. Na bi layin, guda tara, duk aikin mutum ɗaya, ya yi gaggawa bai baza simintin ya kai kusurwa ba. Na sa aka yi musu alama da alli. Na ce a ɗaga su yau tun bai kama ba, na tsaya a kansa ya sake na farko, na ce ƙara ruwa kaɗan, ja cokalin gefe ɗaya, kar ka danna da hannu, buga. Ya buga. Ya zauna.

Layin bakin ƙofa ma ya karkace da kusan rabin yatsa. Daga tsaye ake ganinsa. A durƙushe ban taɓa lura ana ganin layi haka ba.

Mai gidan ya zo ya same mu, ya ce wane ne wannan? Dogo ya ce, maigidanmu ne, shi ke karɓar aiki kafin a miƙa. Ban gyara masa ba, ban kuma ce na yarda ba. Gadin tayil da sanda ba sana'a ba ce.

Na ga gwiwar wandon Dogo ta huje, a kan kwali yake durƙuso, wawa, haka na fara. Da muka dawo na shiga ɗakin ajiya na ɗauko soson na ba shi. Na ce aro ne. Ya ce to, Yaya. Game da maganar da na faɗa masa a kan babur, na ce ya san halina. Ya ce ya sani.

Sai yanzu da nake rubutu na tuna falon a sama yake. Mataki goma sha takwas ne in ji Dogo. Na hau, na sauko, ina ta faɗa a kan layin ƙofa, ban ƙirga ko ɗaya ba.

Ciwon yau: babu abin rubutawa.

Ya ce Litinin za su fara ɗakunan wanka. Ban ce zan je ba. Na dai hana Maman yara sake robar sandar.